Motar da Ba Ta Kafewa

Daga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, ta hannun wakilinsu a Ƙungiyar 'Yan Jarida



Makon jiya da yawa daga cikinku kun gan mu a tsugune bayan aji lokacin tara, mun tara kara da gwangwanayen madara da tsofaffin silifa. Wasu yayyenmu na babban aji sun tsaya suna dariya, ɗaya ya ce, "Kai jama'a, 'yan sakandare da motar kara! Ku koma firamare mana." Ba mu ji haushi ba, don da mu ne muka ga haka, da mu ma mun yi dariya. Amma mun ga ya kamata mu zo wannan allo mu faɗi abin da muke yi, da dalilin da ya sa muke ganin makarantarmu ta ba shi muhimmanci.

Muna so mu ƙera mota. Motar da za ta bi hanyoyin ƙauyukanmu rani da damina, ta ratsa yashi da taɓo da rafi, ta isa inda za ta ba tare da an tara ƙarti suna turi ba.

Abin da ya ja hankalinmu

A daminar da ta wuce, cikin watan Agusta, ɗaya daga cikinmu ya je wurin kakarsa a wani ƙauye da bai kai tafiyar awa ɗaya a ƙafa ba daga bakin kwalta. Bayan la'asar naƙuda ta kama matar maƙwabcinsu, abin ya gagari unguwar zoma, aka ce sai asibiti. Aka samu wani bawan Allah mai akori-kura ya yarda zai kai ta. Suna isa mashigin rafi motar ta kafe. Ɗan ajinmu yana cikin yaran da suka bi su da gudu, ya ce taya ɗaya ta baya sai juyawa take tana watsa wa mutane taɓo, ɗayar kuma tana tsaye cik. Aka sa rassan itace, aka sa duwatsu, aka yi ta turi, motar sai ƙara nitsewa take. Daga ƙarshe sai amalanke aka ɗauko aka mai da matar ciki. Ba su kai kwalta ba sai bayan magariba, lokacin da kowa a nan ya san ba a son zama bisa hanya. Matar ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Allah Ya sa mai ceto ne.

Da ya ba mu labarin a aji, babu wanda ya yi mamaki, domin kusan kowa yana da irinsa. Wani buhunan masarar babansa ne suka kwana a gona ruwa ya jiƙa su, don babu motar da ta yarda ta shiga. Wata kuma ƙanenta ne zazzaɓi ya sa shi suma aka goya shi a mashin, mutum uku a kai, suka faɗi sau biyu cikin santsi. Daga ranar muka fara tambayar kanmu: me ya sa mota ke kafewa, kuma me za a yi mata ta daina?

Hanyoyinmu kamar yadda muka san su

Duk wanda ya tashi a 'Yargoje, ko wani gari na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ya san hanyarmu fuska biyu gare ta. Da rani yashi ne, musamman a busassun rafuka, inda mashin ke rawa da gaba har sai mai shi ya sauke ƙafafu. Da damina kuma jar ƙasa ta koma kamar sabulu, fadama ta koma tarko, zaizayar ruwa ta yanke hanya ta bar kwazazzabo. Ga kututturai, ga ƙaya, ga wuraren da itatuwa suka matse hanya har babbar mota ba ta iya wucewa.

Kuma ta waɗannan hanyoyi ne abinci ke fitowa. Masara da dawa da waken soya da audugar da ake kaiwa kasuwannin Sheme da Ɗandume da Funtuwa, daga cikin ƙauyukan nan suke tasowa. Motocin da muke gani a kwalta kuwa an ƙera su ne a ƙasashen da titunansu suke sumul. Waɗanda aka yi don daji, irin su Hilux da Land Cruiser, kuɗinsu sai gwamnati da manyan masu hali. Talaka ya rage da mashin da jaki da amalanke. Mashin yana da sauri amma ba ya ɗaukar mara lafiya a kwance. Amalanke tana ɗauka amma tafiyarta ta shanu ce.

Tsakanin mashin da amalanke akwai gurbi babba. Wannan gurbin muke son motarmu ta cike.

Yadda muka zana ta

Mun ɗauki tambayoyinmu mun kai wa malaminmu na Kimiyya da Fasaha, mun kuma je wurin kanikawa da masu walda da masu faci na gari. Ga abin da muka koyo.

Na farko, taya. Malam ya ce mu tuna yadda mai takalmi mai tsini take nitsewa a yashi, mai silifa kuma ta wuce abinta, ko da nauyinsu ɗaya ne. Idan nauyi ya taru a ɗan ƙaramin wuri sai ya huda ƙasa, idan ya bazu a wuri mai faɗi sai ƙasa ta ɗauke shi. Shi ya sa Allah Ya yi wa raƙumi tafin ƙafa mai faɗi. Shi ya sa kuma direbobin sahara suke rage iskar taya kafin su shiga rairayi, don tayar ta ɗan baje. Mun gwada da kanmu. Mun yi motar kara biyu, ɗaya da tayar marfin kwalba, ɗaya da tayar silifa da muka liƙa biyu biyu, muka ɗora wa kowace dutse iri ɗaya muka ja su cikin yashi. Mai marfin kwalba ta riƙa noma ƙasa, mai silifa ta wuce.

Sai dai da muka zuba ruwa a jar ƙasa muka sake gwadawa, mai silifa ma ta riƙa zamewa. Wani tsohon direba ya yi mana dariya ya ce, "Ai ko raƙumin ma ba ya son taɓo, 'ya'yana." Taɓo yana son taya mai manyan haƙora da tazara a tsakaninsu, irin ta tarakta, don ta ciji ƙasa kuma lakar ta riƙa kakkaɓewa idan tana juyawa. Saboda haka tayar motarmu za ta kasance mai faɗi kuma mai haƙora, kuma za a riƙa tafiya da famfon iska a ciki kullum.

Na biyu, abin da ya sa taya ɗaya ke juyawa ɗaya na tsaye. Wani bakanike ya nuna mana a ƙarƙashin wata tsohuwar mota. A tsakiyar ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya akwai wani tulun ƙarfe cike da giyoyi. Aikinsa shi ne ya bar tayar waje ta fi ta ciki sauri idan mota za ta sha kwana, tunda ta waje ce ke yin doguwar tafiya. A kan kwalta wannan dabara ce mai kyau. A cikin taɓo kuwa ita ce matsalar, domin tayar da ta samu santsi ita ce za ta yi ta juyawa a banza, wadda ke kan busasshiyar ƙasa ta tsaya. Motocin daji na gaske suna da abin da ke kulle tulun nan, tayoyin biyu su juya tare. Da akori-kurar nan tana da shi, wataƙila da ta fita. Motarmu dole ta samu wannan makulli, kuma in hali ya yi, dukkan tayoyinta huɗu su riƙa ja.

Na uku, tsayi da nauyi. Cikin motar ya kamata ya ɗaga daga ƙasa sosai don kada ya zauna kan kututture ko tudun da ke tsakiyar hanya. Amma in ta yi tsayi da yawa kuma za ta kife a gangara, kamar yadda amalanken da aka yi wa lodin kara har sama take kifewa. Don haka abubuwa masu nauyi, wato inji da batir da tankin mai, za su zauna ƙasa ƙasa a tsakiya. Bodin kuma na bututun ƙarfe da rufin tamfol, ba gilasai da kujerun alfarma. Muna son in ta kafe ma, mutum huɗu su iya ciccibar bayanta.

Na huɗu, inji. A nan muka fi yin gardama. Wasunmu sun so babban inji mai ƙugi. Amma bakanike ya tambaye mu, "In ya lalace a ƙauye wa zai gyara?" Sai muka yi shiru. Muka tsaya a kan injin keken ɗaukar kaya mai taya uku, wanda kanikawan Ƙanƙara da Funtuwa suka san cikinsa, kayan gyaransa kuma suna kasuwa. Ƙarfin ja za mu nema ta wajen ƙaramar giya, kamar yadda mai keken hawa yake sa kaca a babban faranti na baya idan zai hau tudu: tafiya a hankali, amma ba tsayawa. Bututun da inji ke shaƙar iska kuma za mu ɗaga shi sama kusa da rufi, don in ruwa ya shiga cikin inji, ya gama aiki.

Na biyar, kuma wannan 'yan matan ajinmu ne suka kawo shi, bayan motar. Mu maza muna ta zancen taya da inji, sai suka ce, "To mara lafiyar a ina za ta kwanta?" Suka zana gado mai katifa da ɗamara, wanda za a iya cire shi a loda buhuna idan kaka ta yi, da wurin zaman mai jinya, da labule saboda sutura, da fitila mai aiki da sola. Gaskiya ba don su ba, da mun zana motar wasa ce kawai.

Sauran kayan da ba za ta rabu da su ba su ne shebur, da igiya mai ƙarfi, da katakai biyu da za a shimfiɗa ƙarƙashin taya, da jak.

Abin da masu suka suke cewa

Mun ji maganganu da yawa, kuma wasunsu gaskiya ne.

Wasu sun ce, "Hanya ake buƙata. In gwamnati ta zuba kwalta ta yi gada, kowace mota ma ta wuce." Mun yarda ɗari bisa ɗari, kuma muna roƙon a yi. Amma ku ƙirga ƙauyuka da unguwannin da ke ƙananan hukumomin nan uku. Ko yau aka fara, za mu yi furfura kafin kwalta ta kai ƙofar kowane ƙauye da kowace gona. Mata kuwa ba za su daina haihuwa su jira ɗan kwangila ba.

Wasu sun ce, "Ku fara cin jarrabawa tukuna." Amsarmu ita ce, tun da muka fara wannan aiki darasin ya fara shiga kanmu. Da can muna haddace ma'anar nauyi da gogayya da giya ne don mu rubuta a takarda mu manta. Yanzu mun gan su da ido. Akwai wani a cikinmu da lissafi ke ba shi ciwon kai, amma shi ne ya auna zagayen taya da zare ya lissafa sau nawa za ta juya kafin ta ƙare tsawon ajinmu, kuma ya samu daidai.

Magana mafi nauyi ita ce ta wani dattijo da ya ce mana, "Yara, kun manta wa ke riƙe da dajin? Ku ƙera motar daji, ɓarayin daji su ƙwace." Wannan ta sa jikinmu ya yi sanyi, domin ba labari aka ba mu ba. Muna firamare lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba, 2020, aka kora su cikin daji a ƙafa. Muna tune da shekarar 2021 da gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya. Harin da aka kawo 'Yargoje a watan Yuni na 2024 kuwa, ba sai mun tuna wa kowa ba. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba iyalansu haƙuri.

Mun yi kwanaki muna tunanin maganar dattijon. Ga abin da muka gani. Su mutanen nan sauri suke so da wurin ɓuya, shi ya sa suke hawa mashin. Motarmu mai tafiyar hawainiya ce, za mu shafa mata farin fenti da sunan gari ɓaro ɓaro, ta zauna a hannun mai gari da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, kuma ba za ta fita ba sai jami'an tsaro sun san da fitarta. Wannan ba zai hana mugu mugunta ba, mun sani, kuma ba mu ce mota za ta kawo zaman lafiya ba. Amma ku duba da kyau: a yanzu azzalumi ne ke ratsa dajin yadda ya ga dama, mai naƙuda da manomi da ma'aikacin rigakafi su ne suke kafewa a hanya. In muka ce ba za mu ƙera komai ba don kada a sace, to shanu ma ana sacewa, kuma ba mu ga iyayenmu sun daina noma ba.

Sai maganar kuɗi da ƙuruciya. Gaskiya ne, 'yan shekara goma sha uku ba za su haɗa motar da za ta ɗauki rai ba, kuma doka ma ba ta ba mu lasin tuƙi sai mun kai 18. Mota ta gaske sai injiniyoyi sun auna ta, hukuma ta duba burkinta da lafiyarta. Abin da ke hannunmu yanzu shi ne zane da samfuri da koyo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba mu ne farau ba

Ga wanda yake ganin ƙera mota sai Bature ko ɗan Japan, muna tuna masa da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato. Ya yi karatun zanen motoci a birnin Detroit na Amurka, ya yi aiki da kamfanin General Motors, kuma shi ya zana motar Chevrolet Volt mai amfani da lantarki. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsarawa da bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya. Akwai Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, wanda a 2007 ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin motar Honda da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga daga ƙasa. Akwai Mustapha Gajibo a Maiduguri, mai haɗa motocin bas masu aiki da batir da hasken rana. A ƙasar Malawi kuma, William Kamkwamba yana ɗan shekara 14 ya haɗa injin samar da wuta mai aiki da iska daga tarkacen keke da bola, a lokacin da rashin kuɗin makaranta ya zaunar da shi gida.

Nan kusa da mu ma, tun 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma kakanninmu har yau suna yabon ƙarfin akori-kura. A Nnewi ta jihar Anambra, kamfanin Innoson yana ƙera motoci. To me zai hana wata rana a ce ga motar da aka zana a Ƙanƙara, saboda hanyar Ƙanƙara? Mun fi kowane injiniyan waje sanin inda rafinmu yake cin taya.

Roƙonmu

Ga shugaban makarantarmu, ranka ya daɗe: muna roƙon a ba mu awa ɗaya a mako da wani lungu mai ƙofa da za mu riƙa ajiye kayanmu. Samfurinmu na farko awaki ne suka cinye shi, don a bayan aji muka bar shi.

Ga malamanmu: a riƙa gayyato mana bakanike ko mai walda ko maƙeri ko da sau ɗaya ne a zango, ya zo da kayan aikinsa ya nuna mana. Suna da ilimin da babu shi a littafinmu, mu kuma littafinmu yana da dalilin abin da suke yi.

Ga iyayenmu: kada a sayar wa 'yan jari-bola duk wani tsohon keke da kaca da mataccen injin ban ruwa. A rage mana wani abu. Kuma in an ga yarinya da sufana a hannu, kada a ce ba aikin mata ba ne.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa: a shirya gasar ƙere-ƙere tsakanin makarantu duk shekara, a gayyato malaman injiniya daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya su yi alƙalanci. In sun ga zane mai ma'ana, su ɗauka su gyara, su gina na gaske tare da ɗalibansu da kanikawanmu.

Ga yayyenmu da suka yi mana dariya: kun fi mu sanin lissafi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Har yanzu mun kasa gane yadda za mu sa tayoyin gaba su riƙa juya kwana kuma suna ja a lokaci ɗaya. Wanda ya san amsar, muna nemansa.

Mun liƙa zanen motar a ƙasan wannan rubutu, mun bar farar takarda a gefensa. Duk wanda ya ga kuskure ya rubuta, duk mai shawarar suna ma ya rubuta, don har yanzu ajinmu ya rabu biyu tsakanin "Raƙumar 'Yargoje" da "Ba-ta-kafewa". Ranar Alhamis lokacin tara za mu gwada samfuri na uku a bayan aji. Muna buƙatar bokiti biyu na ruwa don yin taɓo, da mutum ɗaya mai korar awaki.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu, Ya ƙara wa malamanmu haƙuri da mu.